Ikrima da Cikon Gidan Uwarsa

Duk wanda ya zauna a Zongon Lome ya san Ikrima, in bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri mai ɗan ranƙwafawa, kullum cikin sauri kamar ya bar tukunya a kan wuta. Ka gaishe shi, yana tafe yake amsawa, sai dai ka jiyo "lafiya lau" ɗinsa daga kwanar lungu. Wurin ɗaurin aure ba ya tsayawa rabon goro, majalisar shayi kuwa kofin farko kawai ake samunsa. Uwarsa, Mma Hamdiya, takan ce ai tun yana ciki haka yake, bai taɓa barinta ta rintsa da rana ba.

Zongo dai ba nan take ba a da. Tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda aka tashe su daga tsakiyar gari aka kawo su nan arewa, inda ƙasa ta kwanta wajen kogin Ziyo. Cikin waɗanda suka fara aza bulo a lungun su Ikrima akwai ubansa, direban babbar mota mai zuwa Sinkase da Yamai, da wani mahauci, mijin Iya Barakatu. Katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu. Mazan duk sun riga mu gidan gaskiya tun Ikrima bai gama firamare ba, aka bar matan, kowacce da ɗakinta da tsakar gidanta.

Mma Hamdiya atamfa take sayarwa a kasuwar Asigame, tana idar da sallar asuba ta fita, ba ta dawowa sai magariba. Saboda haka Iya Barakatu ce ta raini Ikrima. Ita ta haifi nata, Allah ya karɓi abinsa ɗaya bayan ɗaya, sai ta juye son duka a kan ɗan maƙwabciya. A gindin tukunyar kokonta ya yi wayo, ita ke yi masa wanka, ita ke zane shi in ya yi ɓarna. Kuma a duk faɗin Zongo ita kaɗai ta san dabarar zaunar da shi: sai ta ɗora masa faifan gero a cinya ta ce ya tsince mata tsakuwa, in ya motsa ya zubar, jikinsa ya gaya masa.

A makaranta ba abin da ya iya sai lissafi. Faransancinsa na rubutu abin a rufe fuska ne, tarihi kuwa ko sunan sarki ɗaya ba ya riƙewa. Amma a ba shi lambobi, kafin malam ya juyo daga allo ya gama yana kaɗa ƙafa. Wansa Samir, ɗan farin Mma Hamdiya, ya bi 'yan kasuwar motoci har ya ƙare a Jamus. Shi kuwa Ikrima ya lallaɓa ya shiga jami'a, kuma a can ne ya gamu da abin da ya riƙe shi har yau.

Akwai lissafin da ake yi sau ɗaya a tashi, irin na kasuwa. Akwai kuma wanda ba ya yarda a kama shi kai tsaye, kamar na yadda ruwan sama ke gudu a bisa ƙasa. Zurfin ruwan ne ke sa shi gudu, gudun kuma shi ke rage zurfin, kafin ka san wannan sai ka san wancan. To ta ina mutum zai fara? Dabarar da aka koya musu ita ce a yanka filin gida-gida kamar na dara, a kintaci zurfin ruwa a kowane gida ko da kintacen ba daidai ba ne. Sai kowane gida ya dubi maƙwabtansa ya gyara nasa. Amsar da ta fito a mayar da ita ciki a sake, a kuma sakewa, har gyaran ya yi ta ƙanƙancewa, amsa ta daina motsi. A nan ne ake cewa ta zauna. Abokansa sun sha yi masa tsiya, wai mutumin da bai iya zama ba shi ne ya zaɓi sana'ar jiran lambobi su zauna.

Karatun bai kai shi inda ya so ba. Ya nemi tafiya waje ƙaro ilimi bai samu ba, sai ya kama koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a unguwar Totsi. Ya auri Nafissatou, suka kama hayar ɗaki a saman bene kusa da makarantar. Ba irin roƙon da bai yi wa uwarsa ba ta komo wurinsu, ta ce gidan mijinta ba ta barinsa sai in a makara.

Yanzu bari a zo kan ciko, don shi ne ciwon lungun nan. Da damina ta kankama, ruwa ba ya samun hanyar fita daga Zongo, sai ya nemi gidan da ya fi kwari ya kwanta. Saboda haka duk rani, wanda Allah ya hore masa sai ya sa a kawo masa jar ƙasa mota guda, ya cike tsakar gida, ya ɗaga dokin ƙofa. Ruwan bana ya tsallake shi ya faɗa wa na kusa. Na kusa ya ci wuya, baɗi shi ma ya yi nasa cikon har ya ɗara na farko. Haka ake ta yi shekara da shekaru, har akwai gidajen da tagoginsu suka dawo daidai gwiwa, in za ka shiga ɗaki sai ka sunkuya kamar mai shiga akurki.

Abin haushin ma ba nan yake ba. Lungun matsattse ne, mota ba ta shiga, a bakin titi take juye ƙasar. To ranar sai a yi gayya, maza da shebur, mata da kwanoni, mai gida ya dafa shinkafa da wake. Ƙin fitowa abin kunya ne babba, za a riƙe maka shi har ranar da kai ma ka nemi jama'a. Ba a taɓa ce wa mai ciko kada ya yi ba. Shi ma mai cikon, in wani ya roƙe shi ƙasa a gaban mutane a ranar, ba ya buɗe baki ya ce a'a, kodayake abin da akan roƙa bai wuce kwano biyu ko uku na toshe bakin ƙofa ba. Sai ka ga mutum ya yini yana dakon ƙasar da za ta koro masa ruwa cikin ɗaki, a kansa, da ƙafarsa, yana yi wa mai gida Allah ya sanya alheri. Wallahi abin in ka zauna ka yi tunaninsa sai ranka ya ɓaci.

A ƙarshe gidaje biyu ne suka rage a kwari a duk lungun, na Mma Hamdiya da na Iya Barakatu. Su biyun ke raba ruwan kowa. Daminar bara ya shiga ɗakin Mma Hamdiya ya yi kwanaki bai janye ba, ita kuwa da ma gwiwoyinta sun gaji da tsayuwar kasuwa. Sanyin ya shige ta, ƙafafun suka kumbura, tun daga lokacin a zaune take sallah. Samir ya ga hoton ɗakin a waya ya yi rantsuwa cewa kafin wata damina sai an cike gidan uwarsa ya fi na kowa tudu.

Ikrima ya yi murna da farko, wa zai ƙi? Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Tambaya ɗaya ta yi ta cin sa, a aji, a kan zemijan, wato babur ɗin haya, har a sahun sallah: in an cike gidansu, ruwan ina zai je? Ya san amsar a dunƙule, kowa ma ya sani. Abin da yake so ya sani shi ne har ina zai kai, domin ɗakin Iya Barakatu tsohon bulo ne mai ƙarancin siminti, gindin bangon ya riga ya fara ɓarɓashi. Ruwa iya ƙauri zai jure, ya sha jurewa. Wanda ya wuce haka kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Sai ya ari dogon tiyo mai haske irin na magina, wanda ake cika shi da ruwa a gane inda ya fi tudu, ya shiga bin lungun gida-gida yana awo. Duk ranar da ba makaranta yana Zongo, wando a naɗe, yana tsugunawa yana miƙewa. Mata suna leƙowa suna dariya, wai malamin lissafi ya koma birkila. Wasu suka hana shi shiga, suna zaton gwamnati ce ta aiko shi. Ga kuma babbar masifa: kafin ya gama auna ƙarshen lungu, wani a farkonsa ya ƙara ciko, awon da ya yi ya tashi a banza, sai ya koma. Nafissatou ta ce ita dai ta auri mutum, ta wayi gari da tiyo.

Da ya haɗa awon ya zuba a tsohuwar kwamfutarsa, ya ɗaga gidansu a cikin lissafin yadda Samir ke so, ya sakar wa lungun ruwa irin na bara. Lissafin ya ƙi zama. Zagaye ɗaya ya tara ruwan a bakin ƙofarsu, na gaba ya kwashe shi kaf ya watsa gidan Iya Barakatu, na gaba ya dawo da shi ya fi na da, har lambobin suka haukace suka ce ruwa ya kai tsawon bishiyar kwakwa. Ikrima ya yi ta zagaye ɗaki yana tsaki. Ya san ciwon, an koya musu shi: in kowane gida yana gyara nasa da ƙarfi fiye da kima, kowa na tura wa na kusa, amsa ba ta taɓa tsayawa. Maganin shi ne a hana kowane gida ɗaukar gyaransa duka, a ba shi rabi kawai a kowane zagaye. Ya yi hakan, ya zauna a bakin gado yana kaɗa ƙafa. Lambobin suka rage tsalle, suka rage, suka tsaya.

Ya ɗauka ruwan gidan Iya Barakatu zai ninka na bara ne kawai, tunda rabon gida biyu ya koma ɗaya. Ashe abin ya wuce nan. Akwai wata 'yar magudana a bayan gidansu wadda ruwan gidajen biyu ke tsiyayewa ta ciki zuwa fadama, cikon zai binne bakinta. Ruwan zai shiga gidan tsohuwar ya rasa mafita. Lissafin ya ce zai kai ƙugu, ya kuma kwanta a nan.

Bai yarda ba. Ya canza kintacen farko, ya sake. Ya ƙanƙanta gidajen darar, ya sake. Ya koma Zongo ya sake auna tsakar gidan Iya Barakatu, tana ta yi masa faɗa wai ya rame, ta cusa masa ƙosai a aljihu. Ta kowace hanya ya biyo, amsar wuri ɗaya take zama. Daga nan ya gwada wani abu: ya raba ƙasar biyu a cikin lissafin, rabi nan rabi can, ya bar bakin magudana a buɗe. Wannan ma ta zauna. Ruwa zai tsaya a tsakiyar ƙauri a gidajen biyu, bangon tsohuwa zai tsira. Amma fa ɗakin uwarsa zai sake shan ruwa, da gwiwoyin nan nata.

Gaba kura baya sayaki. Ya fara da uwarsa, ya zauna a ƙasa gabanta ya yi mata bayani a hankali yadda zai iya. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce ita ba ta ga ruwa a cikin kwamfuta ba, a ɗakinta ta gan shi. Ta ce duk lungun nan wa ya tambaye ta lokacin da yake nasa cikon? Ita da ta ɗauki ƙasar kowa a kanta har wuyanta ya sage, yanzu da Allah ya kawo nata shi ne ɗan da ta haifa zai zo mata da lissafi? Barakatu kuwa 'yar'uwarta ce, in ruwa ya dame ta ai sai ta ƙetaro su zauna tare. Ikrima ya ce Iya ba za ta bar ɗakinta ba, kamar yadda ita ma ta ƙi barin nata. Mma Hamdiya ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Ya kira Samir. Samir ya ce shi uwa ɗaya gare shi, kuma motar ƙasa ɗaya ya iya, in Ikrima na da halin ta biyu bismilla. Ikrima ba shi da shi. Ya je wurin liman, liman ya yaba masa, ya kawo hadisan haƙƙin maƙwabci, sannan ya ce amma ba a hana mutum gyara gidansa. Ya je wurin mai unguwa, aka ce a bari a duba bayan salla.

Saura ita kanta Iya Barakatu. Sau da yawa yana zuwa da niyyar faɗa mata, ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya makullin ɗakinsa a yatsa. Ita kuwa murna take ta yi. Ta ce Hamdiya ta sha wuya bara, Allah ya yi wa Samir albarka, ita har ta wanke babban kwanonta tana jiran ranar gayya. Ta yaya za ka dubi tsohuwar da ta yi maka tsarki ka ce mata ƙasar da take murnar ɗauka ita za ta rushe mata ɗaki? Kuma ya santa sarai, ko ya faɗa cewa za ta yi Allah na nan, ta hana shi tayar da maganar. Sai ya sha koko ya tafi.

Motar ta zo wata Lahadi da hantsi, ta juye jar ƙasa tuli guda a bakin titi. Lungu ya cika. An ɗora tukunyar shinkafa da wake, samari sun kama shebur suna ta ba'a da Faransanci, an fito wa Mma Hamdiya da kujera bakin ƙofa, ta sha sabuwar atamfa, mata na zagaye da ita suna yi mata barka. Rabon da a ga fuskarta a sake haka tun kafin ciwon. Ikrima na tsaye a gindin tulin da shebur a hannu, ya kasa ɗiba ya kasa ajiyewa, gumi na bin bayansa tun bai yi aikin komai ba.

Wadda ta fara isowa da kwano ita ce Iya Barakatu, ta yi gammo da tsohon ɗankwali, tana takawa da ƙyar. Ta dire kwanon a gabansa.

"Zuba mini, ɗan nan. Kada ka cika, wuyan ya tsufa."

Ya zuba. Ya kama kwanon ya ɗora mata a ka, ta gyara shi da hannu ɗaya, ta juya ta nufi ƙofar gidansu. Ya bi bayanta da kallo, ƙafafunta sirara, zanen ya ɗage a gefe guda. Ba ta yi nisa ba ya yar da shebur ya cim mata, ya riƙe gefen kwanon.

"Iya, wannan gidanki za ki kai."

Ba ta gane ba, ta tsaya tana dubansa. Shi kuwa ya juya wajen kujerar uwarsa, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke lungun zai ji.

"Mma, ina roƙar wa Iya Barakatu rabin ƙasar nan. Rabi cif. Kin ba ta?"

Shebur ya tsaya. Masu dariya suka yi tsit. Kowa a wurin ya san abin da yaron nan ya yi, domin ba a taɓa roƙon rabin mota ba, kuma ba a taɓa cewa a'a a ranar gayya ba. Mma Hamdiya ta dube shi, ta dubi matan da ke gefenta, ta dubi ƙawarta tsaye da kwano a ka. Sannan ta gyara mayafinta ta ce a kai mata, ai da ita da Barakatu duk ɗaya ne.

Kada ka zaci Iya Barakatu ta gode masa. Ta sauke kwanon a ƙasa ta fashe da kuka, tana cewa ita yaushe ta aike shi, yaushe ta zama abin roƙa wa ƙasa a bainar jama'a, ya kunyata ta ya kunyata uwarsa. Sai da mata suka janye ta. Amma magana ta riga ta fita, aka raba tulin biyu. Ikrima ya yini yana gudu tsakanin gidajen da tiyonsa, yana nuna inda za a zuba da inda za a bari, yana hana kowa kusantar bakin magudana. Mutane suka yi aikin, suka ci shinkafarsu ba hira, suka watse da wuri.

Da la'asar ya shiga ɗakin uwarsa ya durƙusa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka ɗaure ni da jijiyar jikina a gaban mutane," in ji ta. "Kai a bene kake kwana."

Daga ranar ta daina yi masa magana. In ya zo gaishe ta sai ta amsa da ka, ta ci gaba da jan carbi. Abincin da Nafissatou ke aikowa tana karɓa, in shi ya kawo sai ta ce a ajiye. Samir ya kira ya wanke shi tas, ya kashe waya. Iya Barakatu ma da ta hango shi sai ta shige ɗaki. A lungu ra'ayi ya rabu, wasu na cewa ɗan albarka ne, wasu na cewa boko ne ya taɓa masa kai, wane irin ɗa ne zai kwashe rabon uwarsa ya ba wata.

Shi kuwa da ma yaya lafiyar kura. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai a tsaye. Ya yi ta sake lissafin, wani lokaci yana fatan ya gano kuskure, wani lokaci yana tsoron ganowa. In ya yi kuskure, ya jawo wa uwarsa ruwa a banza. In bai yi ba, to ruwan na nan tafe, kuma shi ya buɗe masa ƙofa. Hadari na haɗuwa zai bar ɗalibai da aiki a allo ya fito baranda yana duban arewa. Ruwan farko-farko ya zo ya wuce, ƙasa ta shanye, ba abin da ya shiga ɗakin kowa. Har aka fara cewa ka gani, duk tashin hankalin nan na banza ne.

Babban ruwan ya sauko a watan Yuni, wata Talata bayan azahar. Tun yana aji ya ji yadda yake dukan kwanon rufi ya san wannan ne. Bai nemi izinin kowa ba ya fita. Mai zemijan ya kai shi bakin kwalta ya ce nan ya tsaya, babur ɗinsa ba kwalekwale ba ne. Ikrima ya tuɓe takalmi ya faɗa lungun. Ruwa ja wur yana gangarowa daga gidajen da suka yi tudu, ɗauke da leda da bawon kwakwa, yana tafiya inda ya san zai tafi.

Tsakar gidansu ta cika. Ya tura ƙofar ɗakin uwarsa, ruwan ya riga shi shiga, yana tsakiyar ƙaurinsa daidai, bai ƙaru ba bai ragu ba, ana jin ƙarar magudana tana ja ta baya. Lissafi ya fito daidai. Bai ji daɗin komai ba, don ga uwarsa a tsakiyar gado ta tattare ƙafafu, dadduma da rediyo a cinya, takalmanta na yawo a ƙarƙashin gadon. Gwiwoyin sun kumbura sun yi sheƙi, leɓenta na rawa don sanyi. Da an bar mata ƙasarta duka, da yanzu tana zaune a busasshen ɗaki tana sauraren ruwa a kan kwano. Ya san haka, ita ma ta sani.

Bai ba ta haƙuri ba, ya san ba lokacinsa ba ne. Ya juya mata baya ya tsuguna a bakin gadon, ruwa ya jiƙa shi har ƙugu. Ya jira. Can ya ji ta ajiye rediyon, ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ta ja jiki da nishi ta hau. Ya miƙe da ita. Bai taɓa sanin ta zama marar nauyi haka ba, sai da idonsa ya kawo ruwa.

Ya fito da ita ƙofar gida ya nufi bakin kwalta, yana laluben ƙasa da ƙafa. Sai ya ji bakinta a kusa da kunnensa.

"Ban yafe maka ba," in ji ta. "Juya in ga ɗakin Barakatu."

Ya juya da ita a bayansa. Ƙofar gidan a buɗe take, ana hango ciki. Ɗakin na tsaye. Iya Barakatu na bakin ƙofarsa, ruwa iya ƙaurinta, ta naɗe zani tana ƙoƙarin ɗora tukunyar koko a kan tebur. Ta ɗago ta gan su, ta saki tukunyar ta tsaya. Matan biyu suka dubi juna ta cikin ruwan saman. Mma Hamdiya ta daɗe tana kallon bangon nan tun daga gindinsa har sama, sannan ta kifa goshinta a kafaɗar ɗanta.

"Mu je," ta ce. "Ƙafata na ciwo."